Ido Ɗaya da Gyara

Tasalla mai albasa ta rasa idonta na hagu, ta kuma rasa fuskar ɗanta. Abin da ta samu shi ne rumbun da ɓarawo bai sake taɓawa ba, da ɗa mai lafiyayyun idanu biyu wanda har yau bai san da me aka fanshe su ba. Wasu sun ce ta ci riba. Masu faɗin haka ba su taɓa zaman kasuwa ba.

Ku matso kusa. Ba labarin ɗaga murya ba ne. Mai waya a hannu ya kife ta.

A Tungar Marke take, can bakin fadama. Duk dillalin da ya san albasa ya san ta, kuma ba wanda ke murnar zuwa wurinta. Kafin ka ji "na sallama" daga bakinta sai ka sha "albarka" har ka ƙoshi. Gyara kuwa, ko ɓawo ba ta ba ka. Ba ta yi boko ba, allon ma bai yi nisa ba, amma ta kalli buhu daga nesa ta faɗa maka ruɓaɓɓu na ciki ko babu.

Mijinta, Malam Ɗan'azumi, shi ya kafa rumbun a bayan gari, irin na kara da ake ɗagawa daga ƙasa don iska ta ratsa albasa. Bayan rumbun akwai tsohuwar tsamiya. Malam yana da wata ɗabi'a da ke ba Tasalla haushi. Ba ya zagayawa bayan rumbun sai ya tsaya ya yi sallama, ya ɗan jira, kamar mai shiga gidan mutane. Duk kaka kuma, in an gama zuba albasa, sai ya ɗebi cikin hannu biyu ya ajiye a gindin tsamiyar. In ta yi magana ya ce, "Gyaran maƙwabta ne." Ta ce, "Maƙwabtan da ba su taɓa saye ba?" Shi dai murmushi.

Da ya rasu, ta fita takaba, abin da ta fara sokewa ke nan. Mai rai ma ba ta ba shi gyara ba, balle itace.

A shekarar albasa ta fara raguwa. Ba a fasa ƙofa ba, ba a yanka kara ba. Amma ido irin nata ba a ɓoye masa. Yau nan ya lotsa, jibi can ya lotsa. Dangin miji suka fara cewa mace ba ta tsaron rumbu, ta kawo su riƙe mata. Ta ce musu albarka.

Ɗanta ɗaya ne, Nafi'u, kuma shi ne na fari. Don haka ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta kuma taɓa zura masa ido a gaban mutane ba, har ya girma ya tafi. Tela ne, a Jidda, ɗinkin zare yake a wuyan riguna. Takardunsa sun daɗe da ƙarewa, in ya fito ba shi ba komawa, shi ya sa bai zo ko jana'izar ubansa ba. "Mutumin Jidda" take ce masa. Ya taɓa aiko mata da babbar waya. In ya kira ana ganin juna, sai ta karkatar da ita, ya riƙa ganin rufin ɗaki da gefen kallabinta. Ita kuwa ta wutsiyar ido tana shan kallonsa. Abin da kunya ta hana ta tun yana goye, gilashin waya ya ba ta a ɓoye. Gemun da ya tsiro masa, da goshin ubansa.

Shi ya ce a sa kyamara.

"Inna, daga nan zan riƙa gani. Ke ma kina ɗaki kina gani."

"Kana can ka tsare mini albasa a nan?"

"Haka zamani ya zo."

"Zamanin bai zo da jirgin dawowa ba?"

Ya mayar da zancen kan kyamara.

Wanda ya zo kafawa Lawwali ne, magidanci daga birni, da tsani ɗaure a bayan babur. Kafin ya sauke kaya ta riga ta rage masa kuɗin aiki har ya ce, "Inna Tasalla, to ki karɓe babur ɗin ma." Ta ce ba ta saya, tayarsa ta suɗe.

Ya kafa dogon ƙarfe a kusurwar rumbun. Ya ɗaura farantin sola a sama, batir a ƙasa, da wani ɗan akwati da ya zura wa layin waya. Ya ce shi ne zai riƙa tura hoto duk inda ake so, matuƙar akwai data. Sannan ya ɗora kyamarar. Fara ce, mai kai kamar na mujiya, da baƙin ido guda a tsakiya.

Ya so ya kafe ta tana kallon ƙofa kawai. Ta ce a'a. Ta ji an ce tana juyawa, kuma kuɗin mai juyawa aka biya, to ta juya. Ya ce shi ke nan.

Ya karɓi wayarta ya yi ta danne-danne. Can ya ce, "Sai kalmar sirri. Wadda ba wanda zai iya cankowa. Ko mu sa sunan ɗanki?"

Ta kalle shi har ya sunkuyar da kai.

"Tuba nake. Faɗi wata."

"Albarka."

"Inna, wannan ai duk kasuwa sun san taki ce."

"Duk kasuwa sun san ba a wuce ta."

Ya yi dariya, ya rubuta, ya haɗa da wasu lambobi, ya tura wa na Jidda. Ya nuna mata yadda in abu ya gilma wayar za ta yi ƙara. Ya nuna mata yadda ake jan yatsa a gilashi kan kyamarar ya juya. Da zai tafi ya ce, "In rana ta faɗi za ki ji ta yi ƙas. Kada ki tsorata. Idon dare ne take buɗewa. Hoton zai koma fari da baƙi, amma tana ganin abin da ni da ke ba ma gani."

Duhu yake nufi. Ita ma duhu ta ɗauka.

Kwanakin farko daɗi. Akuya ta wuce, waya ta yi ƙara. Kaza ta wuce, waya ta yi ƙara. Tasalla na tuƙa tuwo tana kallon rumbunta a tafin hannu. Raguwar albasa ta tsaya cak, don labari ya zaga gari cewa rumbun Tasalla ya yi ido.

Wata ranar yamma ta makara a rumbun tana tsince ruɓaɓɓu. Rana ta yi ja, ta nutse. An fara kiran magariba daga nesa. Sai ta ji ƙas a saman kanta.

Ta ɗaga ido. Kan kyamarar na motsi. A hankali. Ba hannunta a waya.

Ta gane mutumin Jidda ne. Ya tashi daga aiki, yana neman ta. Ya san a waya ba ta bari ya ga fuskarta, shi ne ya zo ta sama. Ta so ta tsaya ya gan ta. Amma kunya ta riga ta zama jiki. Ta ja mayafi, ta raɓe jikin kara inda idon ba ya kaiwa.

Kan ya wuce ƙofa. Ya wuce hanya. Bai same ta ba. Ya ci gaba da juyawa, har ya kai bayan rumbu, ya fuskanci tsamiya.

Nan ya tsaya. Ya daɗe.

Waya ta yi kuka a ƙugunta.

"Inna, su waye a bayan rumbunmu?"

"Ba kowa."

"Akwai. Mata ne. Sun ɗora babbar tukunya. Wata na wankan jego, tana fyaɗa ruwa da ganye. Wata tsohuwa na riƙe da jaririn."

Tasalla ta kasa kunne. Ba motsin ruwa. Ba ƙamshin hayaƙi. Iska ma ta ɗauke.

"Juyar da abin nan."

"Inna, tsohuwar ta ɗago. Ni take kallo."

"Na ce ka juyar."

Ta koma gida ba ta waiwaya ba.

Bayan 'yan kwanaki ya kira, muryarsa ba daɗi. Ya ce idonsa na ruwa. Da ya sake kira ya ce zare ya ƙi shiga kafar allura, sai abokin aiki ya zura masa. Ya je asibiti, sun haska, sun ce ba su ga komai ba. Maigidansa ya fara cewa ɗinkin na karkacewa. Tela ba ido, a ƙasar da ba ta ubansa ba, ba takarda. Ku kanku kun san ƙarshen wannan.

A wannan kiran ba ta karkatar da waya ba. Ta kalle shi sosai. Wani fari-fari ya fara hawa baƙin idanunsa, kamar an ɗiga nono a ruwa. Karo na farko ke nan da ta ba shi fuskarta gaba ɗaya, kuma bai ma lura ba.

Ta kira Lawwali ta ce ya zo ya cire abinsa, ya goge duk abin da ta ɗauka.

"Na cikin katin kyamarar ko yanzu sai in goge. Har ma na duba ranar da kike faɗa, ba komai sai itace. Wanda mutum ya riga ya gani kuwa, Inna, ba ni da madanninsa."

Ta ce to ya bar ta. Ba a cire kaya ana tsakiyar rigima.

Ranar da abin ya zo, rana tsaka ce, irin wadda ko ƙadangare ya nemi inuwa. Tasalla na zaune a ƙofar rumbu ta kasa albasa a tabarma. Ta sunkuya ta gyara kashi ɗaya. Da ta ɗago, ga mace tsugune a gabanta.

Tsohuwa ce, 'yar firit, da baƙin zane da ya rufe ƙafafu ya kwanta a ƙasa. Ba ta yi sallama ba.

Abin da Tasalla ta fara lura da shi, waya ba ta yi ƙara ba. Wayar da ko ɗan tsako ba ya wuce ta. Ta saci kallon gilashin. Ga ta nan ita kaɗai da tabarmarta.

Ta kalli turɓayar hanya. Sawun akuya, sawun tayar babur. Ba na mutum.

"Nawa kashi?"

Bakin ya riga ya rufe kafin maganar ta iso. Kamar kira daga Jidda ranar da sabis ba ƙarfi.

Tasalla ta ja a'uziyya a zuci. Amma bakin ciniki bai mutu ba. Ta faɗi kuɗi.

"Da gyara?"

"Ba na gyara, baiwar Allah."

"Mun sani." Tsohuwar ta juya albasa guda da dogon farce. "Mijinki mutum ne. Bai taɓa shigo mana ba sallama. Mu ma ba mu taɓa barin baƙon hannu ya shiga rumbunsa ba. Kika hana gyara, muka kau da kai, ba mu ce miki komai ba. Ɓarayinki na cikin danginku, ba ruwanmu. Sai kika kafa mana ido a tsakar gida. Jikata na wanka, ba zane. Namiji ya leƙo."

"Bai sani ba."

"Ya daɗe yana kallo."

"Ni yake nema."

"Da ya same ki, da bai iso gare mu ba."

Wannan ta shiga. Tasalla ta haɗiye ta.

"Idanunsa na hannunmu," in ji tsohuwar. "Saura kaɗan mu gama ɗauka. An ce ke gwanar ciniki ce. In kina da abin faɗa, ki zo in abin naki ya yi ƙas. Ke kaɗai. Kuma ki yi sallama."

Tasalla ta ƙifta ido. Ba kowa. Albasar da farcen ya taɓa ta zama baƙi ƙirin.

Da almuru ta yi alwala, ta ɗaura zanen da take zuwa kasuwa da shi. Ta tsaya a kusurwar rumbu har ta ji ƙas. Sannan ta yi abin da ta shekara da shekaru tana yi wa mijinta dariya a kansa. Ta yi sallama, ta jira.

Aka amsa. Muryoyi da yawa, ƙasa-ƙasa, a makare.

Ta zagaya. Da idonta, tsamiya ce da duhu. Ta ɗaga waya, ta ja yatsa, kan kyamarar ya juyo. A gilashin, fari da baƙi, ga ta tsaye a tsakiyar gida cike da mata. Duk sun zuba mata ido, idanun na sheƙi kamar na kuliyoyi. Tsohuwar na zaune a kan saiwa, ta miƙe ƙafa. Tasalla ta ga ƙafar. Diddige ne a gaba. Ba ta sake kallon wajen ba.

Ta tsuguna kamar yadda ake tsugunawa gaban kaya.

"Zan cire kyamarar. Gyara ya dawo duk kaka."

"Albarka."

"Rabin rumbun."

"Albarka."

"Duka. Har da gonar fadama."

"Albarka." Matan suka yi dariya. Ashe haka kalmar take da ɗaci in daga wancan gefen ta fito. "Matar Ɗan'azumi, ido aka yi mana ɓarna da shi. Albasa ba ta gani."

Tasalla ta gyara tsugunno. Ta san in mai ciniki ya faɗi irin kayan da yake so, to an fara.

"Ina da ido. Ya fi nasa sanin duniya."

"Kin fara magana. Kawo biyun, mu sakar masa biyunsa."

"Albarka."

Dariyar ta ɗauke.

"Ke kike ce mana albarka?"

"Ni ce mai kaya yanzu. Ɗaga kanki ki dubi abin da ya leƙo ku. Ido nawa gare shi?"

A gilashin, tsohuwar ta ɗaga kai ta kalli kyamarar.

"Ɗaya ne," in ji Tasalla. "Ta ɗaya aka gan ku. Ɗaya za a biya. Ba a taɓa cin kuɗina biyu a kan kaya ɗaya ba, ba kuma yau za a fara ba."

Aka yi ƙus-ƙus. Ganyen tsamiya ya motsa, alhali ba iska.

"Ashe ba ƙarya aka yi ba," in ji tsohuwar. "Mun karɓi ɗaya. Amma da gyara. Kin daɗe kina cin namu."

"Me?"

"Wanda ya rage miki zai ga komai. Albasa, hanya, kuɗi. Ban da fuskar wanda kike saye wa. Da ma ai ba ki kallonsa."

Tasalla ta tuna gemun. Ta tuna goshin. Ta ce a ranta ba za ta tashi ba ta rage ko kaɗan ba.

"A gilashi kawai. Waya, hoto, duk abin da zamani ya kawo, na yarda. Amma ranar da ya tako ƙafarsa ya shigo gidan ubansa, zan gan shi."

"An yarda."

Ba ja, ba shawara, ba ƙus-ƙus. Kuma duk wanda ya taɓa zaman kasuwa ya san abin da ake nufi in abokin ciniki ya yarda da sauri haka. Ya san wani abu game da kayan da kai ba ka sani ba. Tasalla ta gane. Sun san ƙafar nan ba mai dawowa ba ce.

Abin da ya biyo baya kun riga kun ji. Washegari ta tashi idon hagu ya yi fari fat, ba ciwo ba raɗaɗi. A ranar Nafi'u ya kira yana murna, ya ce maganin ɗigawar da wani ɗan Sudan ya ba shi ya yi aiki, ya zura zare da kansa. Ta riƙe wayar a gabanta sosai. Ga wuyan riga, ga bangon shago, ga keken ɗinki. Inda fuska take, sai haske kamar an shafe da yatsa. Ta ce masa Allah ya saka wa ɗan Sudan.

Har yau yana kira. Duk shekara yana cewa baɗi. Kyamarar na nan, Lawwali ya zo ya ɗaure mata wuya da wayar ƙarfe, ƙofa kaɗai take kallo. Dangin miji sun daina zancen rumbu, ɗayansu ma ko hanyar ba ya bi, bai kuma faɗi dalili ba. Ita kuwa in ta ji ƙarar mota a bakin gari takan juya da gefen dama.

Don haka in almuru ya same ku a Tungar Marke, kada ɗayanku ya bi ta bayan rumbun nan shi kaɗai. In dole ta sa, ya tsaya ya yi sallama, ya jira. Waya kuma ta zauna a aljihu. Ba duk inda ido zai iya kaiwa ne aka ba shi izini ba.

Amma a daren, kafin duk wannan, tsohuwar ta miƙo hannu, tafin a buɗe, kamar yadda ake yi in ciniki ya zo ƙarshe.

"Faɗi da bakinki, mai kaya. An ce ba a cika jin ta daga gare ki ba."

Tasalla ta danna waya, ta nemo hotonsa da ya taɓa aikowa ranar salla. Ta kalle shi da ido biyu, a gaban duk matan nan, ba kunya, ba wutsiyar ido. Ba wadda ta hanzarta ta. Da ta ƙoshi, ko kuwa da ta ga ba za ta ƙoshi ba, ta kife wayar a ƙasa. Ta gyara ɗaurin kallabi.

"Na hagu," ta ce. "Da fuskarsa, gyara. Nafi'u ya riƙe nasa biyun. Na sallama."